Kitsen jini da sukari sun hau, gwajin hanta kuma ya fito kalau: a kwantar da hankali ne?

Ɗalibar_Lafiya

Assalamu alaikum malamaina. Ina da tambaya kan wani irin sakamakon gwaji da ke rikita mutane. A ɗauka namiji ne ɗan shekara 46, ba ya shan giya, ba ya jin ciwon komai. An ɗebi jininsa da safe bai karya ba, ga abin da ya fito: tiraigilisarid (kitsen jini) 210 mg/dL, HDL (kolestarol mai kyau) 36, sukari 108, HbA1c (matsakaicin sukari na 'yan watanni) 5.9%, ALT 34 da AST 28 (gwajin hanta), filetilet (ƙwayoyin daskarar da jini) 230. Ƙugunsa santimita 101. Takardar ɗakin gwaji ta nuna ALT da AST suna cikin iyaka, sai a ce masa hantarka lafiya lau. Amma ina ganin ana ta maganar lissafin TyG, mai haɗa tiraigilisarid da sukari, wai yana hango kitsen hanta tun kafin a yi hoto. Me ya haɗa kitsen jini da sukari da hanta? Yaya ake lissafin, kuma daga nawa ake cewa akwai haɗari? In ya fito sama, sai me?

Likitan_Ciki

Wa alaikumus salam Malama. Wanda ya ce wa mutumin nan hantarsa kalau saboda ALT 34 ya yi gaggawa. ALT sinadari ne da ke malalowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta suna fashewa. Kitse kuwa yana iya cika ƙwayar taf ba tare da ta fashe ba, don haka mutane da yawa masu kitsen hanta, har da waɗanda tabo ya yi nisa a cikinsu, ALT ɗinsu yana cikin iyakar takarda. Ita ma iyakar 40 da ɗakunan gwaji da yawa ke bugawa ta yi faɗi. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka tana ɗaukar 29 zuwa 33 a matsayin ƙarshen lafiyayye ga namiji, 19 zuwa 25 ga mace.

Abin da ya haɗa su ukun shi ne bijirewar jiki ga insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. A jiki lafiyayye, bayan an ci abinci insulin yana ba da umarni biyu: rumbun kitse da ke ƙarƙashin fata da cikin tumbi ya rufe ƙofarsa, hanta kuma ta daina zuba sukari cikin jini. Idan jiki ya fara yi wa insulin kunnen ƙashi, rumbun ba ya rufuwa, kitse ya riƙa kwarara cikin jini dare da rana. Na tumbi ya fi illa, domin jijiyar da ke kwashe jinin hanji da kewayensa kai tsaye take zubawa cikin hanta. Hanta kuma ta ƙi jin umarnin daina yin sukari, shi ne za ki ga sukarin safe ya kai 108. Abin da ke ƙara dagula lamarin, wannan hantar da ta toshe kunne a kan sukari tana jin ɗaya umarnin insulin sarai, wato na mayar da rarar sukari kitse. Insulin ya yi yawa a jini, ita kuwa tana ta ƙera sabon kitse. Wani bincike da aka buga a 2005 ya bi sawun kitsen da ke cikin hantar masu wannan matsala, ya sami kusan kashi 59 cikin ɗari daga rumbun jiki ya zo, kashi 26 hantar ce ta ƙera, kashi 15 kacal ne ya fito kai tsaye daga maiƙon abinci. Shi ya sa mutum zai rantse ba ya cin mai amma hantarsa ta yi kitse.

Hanta tana ƙoƙarin sauke kayan, sai ta ƙunshe kitsen cikin ƙwayoyin VLDL, masu dakon kitse, ta tura cikin jini. Shi ne 210 ɗin da kika gani. A cikin jini VLDL yana musayar kaya da HDL, ya ba shi tiraigilisarid ya karɓi kolestarol, HDL ɗin ya ƙanƙance, jiki ya kawar da shi da wuri. Shi ne 36 ɗin. To alkaluman nan uku hayaƙin wuta ɗaya ne.

Tun 2023 an sauya wa cutar kitsen hanta suna daga NAFLD zuwa MASLD, kuma sharaɗin shi ne a tabbatar da kitse a hanta, sama da kashi 5 cikin ɗari, tare da aƙalla ɗaya cikin alamomi biyar: ƙiba ko ƙugu da ya wuce santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, sukarin safe 100 ko HbA1c 5.7% zuwa sama. Hawan jini 130/85 ko shan maganinsa. Tiraigilisarid 150 zuwa sama. HDL 40 zuwa ƙasa ga namiji, 50 ga mace. Mutuminki ya tara huɗu, na biyar kuma ba ki faɗi awon jininsa ba. A gwada.

Mai_Awon_Jini

Bari in ɗauki ɓangaren lissafi, domin nan ne ake yawan tafka kuskure.

Masu bincike a ƙasar Meziko ne suka fito da TyG a 2008, don a sami hanya mai sauƙi ta ƙiyasta bijirewar insulin ba sai an auna insulin ɗin kansa ba. Ki ninka tiraigilisarid da sukari, dukansu a mg/dL, ki raba biyu, sannan ki danna maɓallin ln a kalkuleta. Na mutuminki: 210 sau 108 ya ba da 22,680, rabinsa 11,340, ln ɗinsa 9.34. Don kwatance, mai tiraigilisarid 90 da sukari 88 zai sami 8.28. Tazarar kamar ƙarama ce a ido, amma logaridim ne: ƙarin 1 yana nufin abin da aka ninka ya haura ninki biyu da rabi.

Tarko na farko, salon lissafin biyu ne ke yawo a rubuce-rubuce. Wasu sai sun ɗauki ln sannan su raba biyu, wanda zai ba mutumin nan 5.01. Duk wanda ya ɗauki 5.01 ya gwada da iyakar 8.5, wadda ake yawan ambatawa ga salo na farko, zai ce lafiya lau, alhali ma'auni biyu ya haɗa. In kin ga takarda tana maganar iyaka wajen 4.5, salo na biyu take bi. Tarko na biyu shi ne maɓallin log maimakon ln. Na uku, ma'aunin mmol/L. Idan ɗakin gwajin da shi yake bayar da sakamako, sai an juya tukuna: sukari a ninka da 18, tiraigilisarid da 88.6. Kada a yi amfani da 38.7, na kolestarol ne. In aka zuba 2.37 da 6.0, wato adadin mutuminki a mmol/L, yadda suke, amsa za ta fito 1.96, wadda ba ta da ma'ana.

Amma abin da ya fi damuna yana faruwa ne tun kafin lissafi. Tiraigilisarid ba ya zama wuri ɗaya. Don wannan lissafi ana so mutum ya yi awa 9 zuwa 12 bai ci komai ba sai ruwa zalla, kuma shayi mai sukari da asuba ya ɓata gwajin ko da mutum ya ce ai bai ci abinci ba. Giya a daren jiya tana ɗaga shi sosai. Ko an kiyaye duk wannan, mutum ɗaya zai iya bambanta da kusan kashi 20 cikin ɗari tsakanin mako da mako, don haka ban yarda a gina hukunci kan awo ɗaya ba. A maimaita bayan makonni, lokacin da ba ya zazzaɓi ko wata jinya. A kuma tambayi magungunan da yake sha, domin siteroyid, ƙwayoyin isturojin na baki, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari da wasu na ƙanjamau suna ɗaga kitsen jini. Haka raunin tayirod (ƙullin da ke maƙogwaro) da ciwon ƙoda.

Sukari kuma nasa matsalar ƙasa yake yi. Ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sukari a cikin kwalba bayan an ɗiba, kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa. Jinin da ya fito da 108 aka ajiye shi kan tebur awa biyu ba a tace ba zai iya komawa 95, sai a rubuta wa mutum lafiya. Ko kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da fuloraid, ba nan take take tsayar da abin ba, sai an ɗauki awa ɗaya ko fiye. A tace jinin cikin rabin awa shi ne mafita. Na'urar tsaga yatsa kuwa ta bibiyar gida ce, kada a sa adadinta cikin TyG.

HbA1c ma yana da inda yake yaudara. Yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini a tsawon wata biyu zuwa uku, don haka duk abin da ya gajarta ransu yana saukar da shi: sikila, zubar jini, ƙarin jini na kwanan nan. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma yana ɗaga shi. Ga mai irin wannan matsala a dogara da sukarin safe da gwajin shan gulukos gram 75, wanda ake sake awo bayan awa biyu: 140 zuwa 199 gab da ciwon suga ne, 200 zuwa sama ciwon ne.

Ɗalibar_Lafiya

Allah ya saka da alheri. To in na fahimta, 9.34 ya wuce 8.5 nesa, ke nan za a iya ce masa yana da kitsen hanta? Sannan wanda tiraigilisarid ɗinsa yake ƙasa da 150 ya tsira?

Likitar_Hanta

A'a 'yar'uwa, duka biyun a'a. Kuma a nan nake so in ɗan ja birki kan yadda ake zuzuta TyG.

Adadin 8.5 ba doka ba ce da wata hukuma ta kafa. Bincike ne daban-daban, kowanne ya ciro iyakar da ta dace da mutanen da ya auna, wasu sun samu ƙasa da haka, wasu sama. Manyan ƙa'idojin likitocin hanta ba su sa TyG a matsayin gwajin tabbatar da cuta ba. Abin da 9.34 ke faɗa shi ne mutumin nan yana cikin rukunin da kitsen hanta ya yi yawa a cikinsu, ya cancanci a duba shi. Gaskiya ma ƙugu 101 da sukari 108 sun riga sun faɗi haka ba tare da kalkuleta ba. Akwai wani lissafin, FLI, da aka tsara a Italiya a 2006 musamman don kitsen hanta, yana haɗa tiraigilisarid da GGT (wani sinadarin hanta) da ƙugu da ma'aunin ƙiba: ƙasa da 30 da wuya akwai kitse, 60 zuwa sama mai yiwuwa akwai. Shi ma hasashe ne. Hoto ne ke nunawa, kuma sikanin na yau da kullum yakan tsallake kitsen da bai kai kusan kashi 20 zuwa 30 ba, don haka hoto mai tsabta bai wanke mutum ɗari bisa ɗari ba.

Tambayarki ta biyu ta fi muhimmanci. An daɗe da lura cewa baƙaƙen fata sukan kasance da tiraigilisarid ƙasa da na Turawa ko da bijirewar insulin ɗinsu iri ɗaya ce, kuma rabon tiraigilisarid da HDL ba ya hasashen bijirewar da kyau a cikinsu. Ɗaukar iyakar da aka ciro daga wata al'umma a ɗora musu zai sa a tsallake mutane. Akwai kuma gado. Mai ɗauke da wani nau'in ƙwayar halitta da ake kira TM6SF2 hantarsa ba ta iya fitar da kitse yadda ya kamata, sai jininsa ya fito tas, kitsen kuwa yana can jibge a ciki. PNPLA3 ma yana tara kitse a hanta ba tare da kitsen jini ya hau sosai ba. Mafi haɗari shi ne wanda cutar ta kai shi ƙarshe: idan hanta ta ƙanƙance ta taurare, kitsen cikinta yakan ƙone, ba ta ma iya ƙera VLDL, sai tiraigilisarid da kolestarol su sauka, ALT ya koma daidai. Wanda bai sani ba zai yi masa murna cewa ya samu sauƙi.

Abin da ke nuna wanda hanta za ta kayar shi ne tabo, wato ƙullin nama mai tauri da ke maye gurbin ƙwayoyin da kumburi ya kashe. Ana ƙidaya shi daga mataki 0 zuwa 4, na huɗun shi ne ƙanƙancewar hanta. Kitsen jini da sukari ba su auna wannan ko kaɗan. Gwajin farko da ake yi masa shi ne FIB-4, kuma duk kayan haɗinsa suna cikin takardar da kika kawo. Shekaru sau AST, a raba da filetilet sau √ALT. Wato 46 sau 28 ya ba da 1,288. √34 shi ne 5.83, sau 230 ya ba da 1,341, amsa 0.96. Ƙasa da 1.3 haɗarin tabo mai nisa kaɗan ne. Daga 1.3 zuwa 2.67 ba a sani ba, sai a tura shi FibroScan, na'urar auna taurin hanta. Sama da 2.67 a tura shi wurin likitan hanta kai tsaye. Ga wanda ya kai 65 ana ɗaga iyakar ƙasan zuwa 2.0 saboda shekaru kawai suna kumbura adadin, ga ɗan ƙasa da 35 kuma lissafin ba abin dogaro ba ne.

Ki lura da yadda filetilet ke juya amsa. Da na mutuminki 140 ne maimakon 230, sauran ba su canza ba, FIB-4 zai koma 1.58. Shi ya sa ba a lissafa shi lokacin da mutum ke fama da zazzaɓin cizon sauro ko wata cuta mai saukar da filetilet, ko washegarin aikin ƙarfi mai tsanani, domin tsoka ma tana sakin AST. FibroScan kuma ana yin sa bayan awa uku ba ci, saboda abinci yana ƙara jinin da ke shiga hanta ya sa ta yi kamar ta taurare. In taurin ya fito ƙasa da kPa 8 hankali ya kwanta, 12 zuwa sama sai an bi da gaske.

Kafin a liƙa wa kowa sunan MASLD, a gwada shi ciwon hanta nau'in B da C. Wannan ba na sassautawa a kansa, domin mai tumbi ma yana iya ɗauke da B, a yi shekaru ana ce masa rage ƙiba alhali ƙwayar cuta tana cin hantarsa. A tambayi giya da adadi, a keɓe, ba a gaban iyali ba: sama da gram 30 a rana ga namiji ko 20 ga mace ya fitar da shi daga wannan rukuni. Magunguna irin su amiyodaron, tamoksifen, metotireksat da balfurowet ma suna tara kitse a hanta.

Likitan_Ciki

Na yarda da Likita gaba ɗaya, sai dai kada 0.96 ya sa a sallami mutumin a manta da shi. Abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki, ba hantar ba, kuma da sukari 108 da HbA1c 5.9% yana bakin ƙofar ciwon suga, wanda ke farawa daga 126 da 6.5%. Da zarar suga ta kama, tabon hanta yana ƙara sauri.

Maganin da ya fi kowanne hujja shi ne rage nauyi, kuma yana da matakai. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari yana rage kitsen, 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, 10 zuwa sama yana iya mayar da tabon baya. Ga mai kilo 90, wannan kusan kilo 3 zuwa 4 da rabi ne, sai 6 da ɗoriya zuwa 9, sai 9 zuwa sama. A bi a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, domin ramewar gaggawa tana jawo tsakuwar matsarmama kuma tana iya tayar da kumburin hanta. Abin da za a fara yankewa shi ne abin sha mai zaƙi. Rabin sukarin da ke ciki furuktos ne, wanda hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, ta mayar da rararsa kitse. Gwangwani ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da kusan gram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son babba ya tsaya wajen gram 25 a yini. Motsa jiki minti 150 a mako, irin tafiyar da ke sa numfashi ya hau amma ana iya magana, yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba.

Akwai kuskuren da nake so a kiyaye: bin adadi a bar cuta. Maganin fenofaibiret zai iya saukar da tiraigilisarid daga 210 zuwa ƙasa da 150, TyG ya yi kyau a takarda, kitsen hanta kuwa yana nan inda yake. Wurinsa shi ne idan adadin ya kai 500, don gudun kumburin fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin. Metfomin yana gyara sukari amma bai nuna yana warkar da hantar ba. Sitatin kuma, maganin rage kolestarol, wanda mutane ke gudu wai yana ɓata hanta, ba a hana shi ga mai kitsen hanta, kuma shi ke kare zuciyarsa idan lissafin haɗarinsa ya nuna yana buƙata. Magungunan da suka taɓa hantar kanta su ne fiyogilitazon da semagulutaid, sai resmetirom da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris 2024 ga masu kumburi da tabo mataki na 2 da na 3. Mutuminki bai kai nan ba. Haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan wanke hanta kuwa a nisance su, wasunsu su ne ke jawo raunin hantar.

A sake awon kitse da sukari da ALT bayan wata uku zuwa shida da fara gyara. FIB-4 kuma, tunda yana gab da suga kuma ya tara alamomi fiye da biyu, duk shekara ɗaya zuwa biyu.

Mai_Awon_Jini

Ƙarin bayani ɗaya kan ƙugu, tunda da shi za a riƙa bibiyarsa a gida. Ba inda wando ke zama ake aunawa ba, masu tumbi sukan sa igiyar awo ƙarƙashin cikin su sami adadin da ya gaza na gaskiya da santimita da yawa. A laluba haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, a ɗora igiyar daidai tsakiyarsu a kan fata, mutum yana tsaye, bayan ya saki numfashi ba tare da ya tsuke ciki ba. Igiyar ta kwanta daidai ta kewaye ba karkace, kada ta nutse cikin nama. A auna sau biyu, in sun bambanta da fiye da santimita ɗaya a sake.